Manaja da Bulfen: Tambayoyi da Amsoshi Kan Sukar da Magoya Bayan Besbol Ke Yi

A gasar besbol ta Amurka, wadda aka sani da MLB, babu aikin manaja, wato babban kocin ƙungiya, da ke jawo masa zagi kamar canjin mai jifa. Magoya baya suna iya yafe masa jerin masu bugun da ya tsara, suna iya kau da kai daga ɗan wasan da ya ajiye a benci, amma idan ya taka zuwa tsakiyar fili ya karɓe ƙwallo daga hannun wani ya miƙa wa wani, sannan aka ci ƙungiyarsa, to sunansa zai kwana a bakin masu kiran gidajen rediyo da masu rubutu a intanet. Wani lokaci sukar tana da tushe, wani lokaci kuma haushin rashin nasara ne kawai ya sami inda zai sauka.

Mene ne bulfen, kuma su wane ne a cikinsa?

Wasan besbol turmi tara ne, kuma a kowane turmi kowace ƙungiya tana yin bugu har sai an fitar mata da mutum uku. Mai jifa yana tsayawa a kan ɗan tudu a tsakiyar fili, tazarar mita 18 da 'yan kai daga mai bugu, yana wurgo ƙwallo da gudun da kan wuce kilomita 150 a sa'a. Ana samun maki idan ɗan wasa ya zagaya tashoshi uku ya dawo gida, kuma idan mai bugu ya buga ƙwallo ta tsallake katanga, shi da duk wanda ke kan tasha sun ci maki a lokaci guda.

Wanda ya buɗe wasa shi ne mai jifan farko, waɗanda suke karɓarsa idan ya gaji ko ya rikice kuwa su ne 'yan ɗauki. Bulfen wani keɓaɓɓen wuri ne a gefen fili, galibi a bayan katanga, inda 'yan ɗauki suke zama suna ɗumama hannu, kuma da sunan wurin ake kiransu gaba ɗaya. A mafi yawan kakar wasa kowace ƙungiya tana da 'yan wasa 26, kuma doka ba ta yarda masu jifa su wuce 13 ba, saboda haka yawanci biyar ne masu jifan farko, takwas kuma 'yan ɗauki. Akwai wayar tarho tsakanin bencin manaja da bulfen, ta nan yake umartar wane ya tashi ya fara shiri. Dokar da ta sa wannan hukunci ya yi nauyi ita ce, duk wanda aka cire daga wasa ba ya komawa cikinsa, ko da wanda ya gaje shi ya ɓata komai a jifa biyu.

Me ya sa mai jifan farko ba ya ƙarasa wasansa kamar dā?

A dā yana ƙarasawa sau da yawa. A wasa na bakwai na World Series ta 1991, wato jerin wasannin ƙarshe da ke fitar da zakaran MLB, Jack Morris na ƙungiyar Minnesota Twins ya yi jifa turmi goma shi kaɗai, aka tashi 1-0 a kan Atlanta Braves. Yau matsakaicin mai jifan farko bai cika wuce turmi biyar da kaɗan ba, wato kusan turmi huɗu cikin tara suna hannun bulfen a kowane dare.

Dalilai uku ne suka haɗu. Na farko shi ne tsoron rauni, domin jijiyar gwiwar hannu tana tsinkewa, kuma tiyatar gyara ta, wadda likita Frank Jobe ya fara yi wa Tommy John a 1974, takan zaunar da mai jifa sama da shekara guda. Wannan ya sa ƙungiyoyi suke ƙirga kowace jifa, kuma da an doshi 100 sai a fara duban bulfen. Na biyu shi ne abin da alƙaluma suka nuna a fili: mai bugu yana ƙara gane mai jifa duk lokacin da suka sake haɗuwa a wasa ɗaya, kuma a haɗuwa ta uku ya fi samun sa'a a kansa fiye da ta farko. Na uku shi ne yawan 'yan ɗaukin da ke iya zuba duk ƙarfinsu cikin jifa 15 ko 20, tun da sun san turmi ɗaya kawai ake nema a wurinsu. Idan aka haɗa waɗannan, sai ya zama cewa ɗan ɗauki mai matsakaicin iyawa, wanda ya huta, yakan fi gwanin da ya gaji amfani a turmi na bakwai.

Me ya sa fushin yake sauka a kan manaja, alhali ba shi ne ya yi jifar ba?

Saboda canjin mai jifa ne kaɗai aikinsa da kowa yake gani da idonsa. Yawancin abin da manaja yake yi a ɓoye yake: lallashin ɗan wasan da ransa ya ɓaci, raba hutu a cikin wasanni 162 da ake bugawa cikin kusan wata shida, da sasanta manya da ƙanana a ɗakin canja kaya. Amma tattakin da yake yi zuwa tudun jifa a gaban dubban mutane da kyamarorin talabijin ne, kuma sakamakonsa yana fitowa cikin minti biyar. Mai bin ƙwallon ƙafa ya san irin wannan, lokacin da koci ya cire ɗan gaba ya sa mai tsaron baya don ya riƙe ci ɗaya, sai aka farke a minti na 90.

Akwai kuma wani abu da ke ƙara wa sukar ƙarfi. Hanyar da manaja bai bi ba, ba a taɓa gwada ta, don haka a zuciyar mai goyon baya kullum ita ce mai kyau. Wanda aka cire yana nan a tunaninsa bai gaji ba, wanda aka bari a bulfen kuma yana nan bai yi kuskure ba, domin ba a ba shi damar yin kuskuren ba.

Wane hukunci ne aka fi kafa misali da shi wajen barin mai jifa ya daɗe?

Na Grady Little ne, manajan Boston Red Sox, a ranar 16 ga Oktoban 2003. Wasa ne na bakwai kuma na yanke hukunci tsakaninsu da New York Yankees, wanda ya ci ya tafi World Series, kuma rabon Boston da kofin tun 1918. Boston tana gaba da 5-2 a turmi na takwas, Pedro Martinez, gwanin gwanayen zamaninsa, yana kan tudu, amma ya riga ya kai jifa 100, kuma sanannen abu ne a ƙungiyar cewa ƙarfinsa yana raguwa sosai bayan wannan adadi. Derek Jeter ya buga, Bernie Williams ya buga aka koma 5-3, sai Little ya fito. Kowa ya ɗauka zai karɓi ƙwallo, amma ya yi magana da Martinez ya koma benci ya bar shi. Hideki Matsui da Jorge Posada suka buga a jere, wasa ya koma 5-5, kuma a turmi na 11 Aaron Boone ya buga ƙwallon Tim Wakefield ta tsallake katanga, aka tashi 6-5.

Wannan suka tana da tushe, kuma ba sakamakon ne ya ba ta tushen ba. Duk abin da ake bukata don a yanke hukunci daidai yana gaban Little tun kafin ya fito: adadin jifar, tarihin Martinez bayan jifa 100, da kuma cewa 'yan ɗaukinsa, musamman Mike Timlin da Alan Embree, suna cikin ganiyarsu a wasannin neman kofi na wannan shekara. Mutanen Boston da yawa sun yi ta ihu a gaban talabijin cewa a cire shi tun kafin Matsui ya ɗaga sanda. Ƙungiyar ba ta sabunta kwantiragin Little ba, ta ɗauko Terry Francona, wanda ya ci kofin a 2004.

To idan barin gwani laifi ne, me ya sa aka yi wa Kevin Cash ca saboda ya cire nasa?

A nan ne ake ganin manaja yana cikin halin gaba kura baya siyaki. Ranar 27 ga Oktoban 2020, a wasa na shida na World Series a Arlington ta jihar Texas, Tampa Bay Rays tana gaba da Los Angeles Dodgers da 1-0, kuma dole ta ci don a je wasa na bakwai. Blake Snell yana jifar da bai taɓa yin irinta a babban wasa ba: ya fitar da mutum tara da jifa zalla, sau biyu kacal aka buga masa bugun da ya kai mai shi tasha, kuma jifarsa 73 ce kawai. Manyan masu bugun Dodgers uku, Mookie Betts da Corey Seager da Justin Turner, kowannensu ya fuskance shi sau biyu, kuma duka sau shida ya fitar da su ba su taɓuka komai ba. A turmi na shida, bayan an fitar da mutum ɗaya, Austin Barnes ya buga ya kai tasha ta farko, Betts yana shirin shigowa karo na uku, sai Cash ya fito ya karɓi ƙwallo ya kira Nick Anderson. Betts ya buga, Anderson ya yi jifar da ta kuɓuce wa mai kamawa aka ci maki ɗaya, aka ƙara na biyu nan take, Dodgers suka ci 3-1 suka ɗauki kofi.

Hujjar Cash ita ce ta haɗuwa ta uku, kuma da wannan tsari ne Rays, ƙungiya mai ƙaramin kasafin kuɗi, ta ci wasanni 40 cikin 60 a gajeriyar kakar da annobar korona ta taƙaita. Ba adalci ba ne a yaba wa tsari wata uku sannan a kira shi hauka a dare ɗaya. Sai dai in an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu: a ganina, abin da ya fi cancantar suka a daren shi ne wanda aka kira, fiye da wanda aka cire. Anderson ya yi fice a cikin kaka, amma a wasannin neman kofi ya gaji a fili, an ci maki a kansa a wasanni shida a jere kafin wannan, kuma wannan ya zama na bakwai. Alƙaluman da suka ce mai jifan farko yana raguwa a haɗuwa ta uku suna kwatanta shi ne da ɗan ɗaukin da ya huta, kuma Anderson na wannan mako ba shi ne wancan ba.

Abu ɗaya da ake yawan mantawa shi ne, Rays maki ɗaya tak suka ci a wasan, wanda Randy Arozarena ya kawo tun a turmi na farko. Ko da an bar Snell, sai shi da waɗanda za su biyo bayansa sun fitar da mutum 11 ba tare da an ci ko ɗaya ba, a gaban ƙungiyar da ta fi kowa cin maki a wannan shekara.

An taɓa yin abin da magoya baya suka nema kuma ya ƙare da baƙin ciki?

An yi. A wasa na biyar na World Series ta 2015, Matt Harvey na New York Mets ya yi turmi takwas ba a ci komai a kansa ba, Mets suna gaba da Kansas City Royals da 2-0. Manaja Terry Collins ya riga ya yanke shawarar kiran mai rufe wasansa, Jeurys Familia, amma Harvey ya tunkare shi a benci yana roƙon a bar shi, 'yan kallo a filin Citi Field kuma suna ta kiran sunansa. Collins ya sauya ra'ayi. Harvey ya saki mai bugu na farko ya tafi tasha kyauta, na biyu, Eric Hosmer, ya buga aka ci maki, wasa ya koma 2-2 kafin turmin ya ƙare, kuma Royals suka ci 7-2 a turmi na 12 suka ɗauki kofi. Collins ya ɗauki laifin da bakinsa bayan wasa, kuma kashegari da yawa daga cikin waɗanda suka yi ta kiran sunan Harvey suna cikin masu cewa manaja ya kasa tsayawa a kan maganarsa.

Me ya sa ake ajiye ɗan ɗaukin da ya fi kowa iyawa sai turmi na tara?

Asalin wannan al'ada wani lissafi ne na jarida. Jerome Holtzman, marubucin wasanni a Chicago, shi ne ya ƙirƙiro ƙididdigar ceton wasa don a riƙa yaba wa 'yan ɗauki, kuma MLB ta karɓe ta a hukumance a 1969. A ƙa'idar da ake bi tun 1975, hanyar da aka fi samun ceto ita ce ɗan ɗauki ya shigo ƙungiyarsa tana gaba da makin da bai wuce uku ba, ya yi aƙalla turmi ɗaya, ya ƙarasa wasa ba a farke ba. Da farko lissafin yana bin aikin ne kawai. Manyan 'yan ɗaukin shekarun 1970, irin su Rollie Fingers da Goose Gossage, suna shigowa duk lokacin da wuta ta kama, ko a turmi na bakwai ne, kuma Mike Marshall na Dodgers ya yi jifa a wasanni 106 a 1974. Amma daga ƙarshen shekarun 1980, bayan Tony La Russa ya mayar da Dennis Eckersley mai rufe wasa na turmi na tara a Oakland kuma abin ya yi kyau, sai aikin ya koma bin lissafin. Albashin 'yan ɗauki ya rataya a kan yawan ceto, manajoji kuma suka saba da ajiye gwaninsu har sai sharuɗɗan ceto sun cika.

Illar wannan ta bayyana ranar 4 ga Oktoban 2016, a wasan sili ɗaya ƙwale tsakanin Baltimore Orioles da Toronto Blue Jays. Zach Britton na Baltimore ya yi kakar da ba a cika ganin irinta ba: ya sami damar ceto sau 47 bai zubar da ko ɗaya ba, kuma matsakaicin makin da ake ci a kansa cikin turmi tara 0.54 ne. Wasa ya tsaya 2-2 har turmi na 11. Manaja Buck Showalter ya yi amfani da 'yan ɗauki shida, babu Britton a cikinsu, domin al'ada ta ce ƙungiyar da ke baƙunta ba ta kiran mai rufe wasa sai ta shiga gaba. Na shidan, Ubaldo Jimenez, ya fuskanci mutum uku, biyu suka kai tasha, Edwin Encarnacion ya buga ta tsallake katanga, aka tashi 5-2, kakar Baltimore ta ƙare Britton yana zaune a bulfen bai jefa ko ɗaya ba. A wannan karo tsofaffin magoya baya da masu bin alƙaluma sun yi baki ɗaya, kuma suna da gaskiya, domin an ajiye gwani ne don riƙe nasarar da ba a samu ba tukuna.

Kwana biyu bayan haka, Terry Francona, wanda a lokacin yake jagorantar Cleveland, ya kira Andrew Miller tun a turmi na biyar a wasan farko da Boston, ya ci gaba da amfani da shi a duk inda haɗari ya fi yawa har ƙungiyar ta kai World Series. Tun daga wannan wata na Oktoba, manajoji da yawa suka rage jin nauyin karya al'adar, musamman a wasannin neman kofi.

Duk da haka al'adar tana da wata fa'ida ga manaja da ba a cika faɗa ba: garkuwa ce. Lokacin da aka farke wa Mariano Rivera a turmi na tara na wasa na bakwai a 2001, Arizona Diamondbacks suka ƙwace kofi daga hannun Yankees, ba a ji ana tambayar dalilin da ya sa Joe Torre ya ba shi ƙwallo ba, tun da shi ne mutumin da ya yi ritaya da ceto 652, adadin da ba wanda ya kai. Manajan da ya bi al'ada aka ci shi, laifin na ɗan wasa ne ko na ƙaddara, wanda ya saɓa mata aka ci shi kuwa, laifin nasa ne shi kaɗai.

Me manaja ya sani wanda mai kallo bai sani ba?

Ya san wanda hannunsa ke ciwo, da wanda ya yi jifa kwana biyu a jere, da wanda aka tayar ya ɗumama hannu sau biyu jiya amma ba a shigar da shi ba, wanda shi ma gajiya ce ko da ba ta fito a takardar sakamako ba. Ba zai bayyana waɗannan kafin wasa ba, domin manajan da ke ɗaya bencin yana sauraro, kuma sau da yawa ba ya bayyanawa ko bayan wasa, don kada ya tona asirin ɗan wasansa. Idan aka ga manaja ya tsallake wanda kowa ke jira ya kira wani mai rauni a wani daren Yuni, mafi yawan lokuta amsar ita ce wancan ba ya cikin waɗanda za su iya jifa a ranar.

A wasa na huɗu na World Series ta 2018, Dave Roberts na Dodgers ya cire Rich Hill a turmi na bakwai suna gaba da Boston 4-0, alhali sau ɗaya kawai aka buga masa bugun da ya kai tasha. Bulfen ya rushe, aka ci su 9-6, kuma sukar ta kai har Shugaban Amurka na lokacin, Donald Trump, ya rubuta tasa a Twitter a daren. Bayan wasa Roberts ya bayyana cewa Hill da kansa ya gaya masa, kafin turmin, ya sa masa ido. Wannan bai wanke zaɓin waɗanda aka kira bayansa ba, amma ya nuna cewa masu sukar sun yanke hukunci ne da rabin labari.

Akwai kuma lissafin gobe, wanda mai kallo ba ya ɗauke da shi. A World Series ta 2016, Joe Maddon na Chicago Cubs ya sa Aroldis Chapman ya fitar da mutum takwas a wasa na biyar, ya sake kiransa a wasa na shida alhali suna gaba da 7-2, sannan ya kira shi a wasa na bakwai suna gaba da 6-3. Chapman ya shigo a gajiye, Rajai Davis ya buga masa ƙwallo ta tsallake katanga aka koma 6-6. Cubs sun ci 8-7 a turmi na goma, kofinsu na farko tun 1908, shi ya sa ba a riƙe Maddon da wannan kamar yadda aka riƙe Little ba, duk da cewa Chapman da kansa ya fito daga baya ya ce bai yarda da yadda aka yi amfani da shi ba. Da Cleveland ta ƙara maki ɗaya a turmi na tara, da wannan hukunci ne za a fara ambata duk lokacin da aka kira sunan Maddon.

Shin hukuncin na manaja ne shi kaɗai?

A yau ba kasafai ba. Kowace ƙungiya cikin 30 tana da ofishin masu nazarin alƙaluma, kuma kafin wasa akan zauna da manaja da kocin masu jifa a tsara wane ɗan ɗauki ne ya dace da wane ɓangare na jerin masu bugun abokan hamayya, ana duban hannun da kowa ke amfani da shi, domin mai jifa da hagu ya fi cin galaba a kan mai bugu ta hagu, da kuma irin jifar da kowane mai bugu ya fi kasa bugawa. Daga irin wannan zama ne Rays suka fito da dabarar buɗe wasa da ɗan ɗauki a watan Mayun 2018, lokacin da suka sa Sergio Romo ya fara, aka yi musu dariya, suka ƙare kakar da nasara 90. Ƙungiyoyi sukan ce manaja yana da 'yancin sauka daga tsarin idan idonsa ya nuna masa wani abu dabam, amma manajan da ya saba sauka yana faɗuwa ya san ofis yana rubutawa. Shi ne dai yake zama a gaban 'yan jarida bayan kowane wasa, don haka shi yake shan dukan hukuncin da mutane da yawa suka sa hannu a cikinsa.

Sababbin dokoki sun canza wani abu?

Sun ƙuntata wa manaja. Tun daga 2020, duk mai jifan da aka shigar dole ya fuskanci aƙalla mutum uku ko ya kai ƙarshen rabin turmin, sai dai idan ya ji rauni, saboda haka dabarar kiran mai jifa da hagu don mutum ɗaya tak ta kusan mutuwa. Idan manaja ya kira wanda ranar ba tasa ba ce, dole ya zauna yana kallo har mutum na uku, kuma mai goyon bayan da bai san dokar ba yakan ɗauka taurin kai ne.

Sukar magoya baya tana sa a kori manaja?

Ba ita kaɗai ba. Little ya tafi ne domin hukuncinsa ya saɓa wa abin da shugabannin ƙungiyar suka yi imani da shi, sukar jama'a ta zo ta tarar da hakan. Showalter ya ci gaba da zama a Baltimore har ƙarshen 2018, Collins ya kai 2017 a Mets, Cash kuwa an ba shi kyautar gwarzon manaja na ɓangaren American League a 2020, bisa ƙuri'ar da aka kaɗa tun kafin wasannin neman kofi, aka sake ba shi a 2021. Roberts ya sha ihu a filin ƙungiyarsa a 2019, lokacin da ya mayar da Clayton Kershaw kan tudu a turmi na takwas Anthony Rendon da Juan Soto suka tsallakar da ƙwallo a jere, kuma Washington Nationals ta kori Dodgers da suka ci wasanni 106 a kakar. Shugabanninsa ba su saurari masu neman a kore shi ba, kuma ya ɗauki kofi a 2020 da 2024 da 2025.

Inda sukar take yin ɓarna shi ne a kan 'yan wasan da kansu. Tun bayan da Kotun Ƙolin Amurka ta buɗe wa jihohi ƙofar halatta cacar wasanni a 2018, 'yan ɗauki da dama sun fito fili sun ce ana aiko musu da iyalansu saƙonnin barazana bayan sun zubar da wasa, kuma wannan ya fita daga sahun suka gaba ɗaya.

Ta yaya mai kallo zai gane ko sukarsa tana da tushe?

Hanya mafi sauƙi ita ce ya faɗi ra'ayinsa lokacin da manaja yake tattaki zuwa tudu, kafin a jefa ƙwallo ta gaba, kuma ya ambaci sunan wanda shi zai kira, sannan ya duba ko wannan mutumin ya yi jifa jiya da shekaranjiya. Ya kuma tuna cewa ɗan ɗauki turmi 60 zuwa 70 kawai yake yi a shekara, don haka mako biyu masu kyau ko marasa kyau ba sa nuna ainihin iyawarsa.

Wasan farko na World Series ta 2024 ya dace da wannan gwaji. Aaron Boone, wanda bugunsa ya ƙarasa Grady Little shekara 21 kafin nan, shi ne manajan Yankees a daren 25 ga Oktoba. Suna gaba da Dodgers 3-2 a turmi na goma, mutum biyu suna kan tasha, an fitar da ɗaya, Shohei Ohtani yana shigowa, Freddie Freeman kuma yana tafe, dukansu masu bugu ta hagu. Boone yana da masu jifa da hagu biyu a shirye: Tim Hill, wanda ke jifa mai kyau a wannan wata, da Nestor Cortes, wanda rabonsa da wasa tun 18 ga Satumba saboda ciwon gwiwar hannu. Ya zaɓi Cortes. Jifarsa ta farko ta fitar da Ohtani, aka bar Betts ya tafi tasha da gangan, jifar farko da ya yi wa Freeman kuma ta tsallake katanga da maki huɗu, aka tashi 6-3. Wanda ya ce Hill tun Cortes yana gudu daga bulfen yana da hujjar da za a saurara, domin mutumin da ya yi sama da wata guda bai fuskanci mai bugu a wasa ba haɗari ne da ake iya gani tun kafin ya jefa. Wanda ya yi tafi da aka fitar da Ohtani, sannan ya fara zagi bayan minti biyu, sakamakon kawai yake suka, kuma da ƙwallon Freeman ta faɗa hannun mai tsaron fili a gindin katanga, da shi ne zai fara yaba wa Boone.